Baƙo Mai Iyayen Gida Biyu: Nazarin Rayuwar Yau da Kullum ta Ɗalibi Bahaushe a Unguwar Derrière la Prison, Libreville

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce fayyace abubuwan da ke tsara rayuwar yau da kullum ta ɗalibi Bahaushe, ɗan Nijar ko ɗan Nijeriya, wanda karatu ya kai shi Libreville, babban birnin Gabon. An ɗauki unguwar Derrière la Prison a matsayin farfajiyar nazari. Ma'anar sunan ita ce "Bayan Gidan Yari", ko "Bayan Gidan Kaso" a bakin mutanen Nijar, domin unguwar ta tsiro ne a bayan babban gidan yarin birnin, wanda jama'a suka laƙaba wa suna Sans-Famille, wato marar dangi. Ba ta da nisa da Jami'ar Omar Bongo.

Maƙalar na da'awar cewa irin wannan ɗalibi yana zaune ne a ƙarƙashin iyayen gida biyu waɗanda ba su san juna ba. Na farko hukuma ce, wadda ta san shi da lamba da hoto da ranar ƙarewar izini. A nan za a kira wannan alaƙa "baƙuncin takarda". Na biyu kuwa tsohon tsarin zango ne, wanda ya san shi da sunan garinsu da na wanda ya aiko shi. Wannan shi ne "baƙuncin amana". Mafi yawan shawarwarin da ɗalibin yake yankewa daga safiya zuwa dare, tun daga inda zai kwana har zuwa hanyar da kuɗin gida za su iso shi, suna faɗawa ne a tsakanin waɗannan biyun.

2.0 Waiwayen Ayyukan Magabata

Rubuce-rubucen da suka shafi wannan batu sun rabu gida biyu, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba.

Rukunin farko na masana halayya da al'adun ɗan Adam ne. Oberg (1960) ya yaɗa ra'in ɗimuwar al'ada, inda ya nuna baƙo yana bin matakai: ɗoki, sai ƙunci, sai farfaɗowa, sai sabo. Berry (1997) ya tsara mafita huɗu da ke gaban baƙo, gwargwadon riƙonsa ga al'adarsa da kuma cuɗanyarsa da masu masauki: haɗewa, narkewa, warewa ko zama a gefe. Waɗannan ra'o'i sun yi amfani, sai dai akasarin binciken ɗalibai da aka gina a kansu ya dubi wanda ya tafi Turai ko Amurka ne. Sun kuma mai da hankali ga abin da ke cikin zuciyar baƙo fiye da abin da ke aljihunsa. Littafin da Mazzella (2009) ta shirya a kan ƙasashen Magrib yana cikin waɗanda suka juyo da hankali ga zirga-zirgar ɗalibai a tsakanin ƙasashen Afirka kansu.

Rukuni na biyu na masana tarihi da zamantakewar Hausawa a ƙetare ne. Hill (1966) ta bayyana matsayin maigida da dillali a kasuwancin Kumasi. Cohen (1969) ya nuna yadda Hausawan Sabo ta Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar amana da masauki da addini. Adamu (1978) ya bi sawun yaɗuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, Schildkrout (1978) ta nazarci zangon Kumasi, Lovejoy (1980) ya tattauna fataucin goro, Rain (1999) kuma ya yi aiki a kan 'yan cin rani na yankin Maraɗi. Baƙon da ke cikin waɗannan ayyuka falke ne ko ɗan ƙwadago ko malami. Ɗan boko mai takardar shiga jami'a bai samu gurbi sosai ba, wataƙila saboda an ɗauka cewa makaranta ce zangonsa.

A ɓangaren Gabon, Gray (1998) ya nuna yadda aka gina tunanin ɗan ƙasa ta hanyar ware baƙo tsakanin 1960 da 1995. Wannan aiki shi ne ya fi kusa da bayyana yanayin da ɗalibin yake shiga, ko da yake ba ɗalibai ne abin nazarinsa ba.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin ba na ƙididdiga ba ne, na fayyacewa da kwatantawa ne. An dogara ga ayyukan da aka ambata a sama, da bayanan da ke a bainar jama'a game da dokokin shige da fice, tsarin kuɗi, yanayin sama da tarihin makarantun. An yi amfani da dabarar "samfurin nazari" ta Weber, wato a gina hoton ɗalibi na misali domin a gwada tasirin kowane sharaɗi a kansa. Samfurin iri biyu ne: ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatunsa da Faransanci, da ɗan Kano ko Katsina da ya yi nasa da Ingilishi. Ra'in da ya yi jagora shi ne na De Certeau (1980), wanda ya bambanta tsarin masu iko da dabarun yau da gobe na waɗanda ke rayuwa a cikinsa, tare da tunanin Simone (2004) cewa a biranen Afirka mutane kan maye gurbin abubuwan more rayuwa da suka gaza.

4.0 Birnin da Makarantunsa

Sunan Libreville, wato birnin 'yanci, ya samo asali ne daga bayin da sojojin ruwan Faransa suka ƙwato daga jirgin Elizia, aka zaunar da su a gaɓar tekun a 1849, a ƙasar ƙabilar Mpongwe. Ƙidayar 2013 ta ba Gabon mutum miliyan 1.8, fiye da 700,000 daga cikinsu a Libreville, kuma kusan kashi 20 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne. Man fetur da katako da manganis suka jawo su.

Makarantu biyu ne suka fi dacewa da wannan nazari. An kafa jami'ar ƙasa a 1970, aka sa mata sunan Omar Bongo a 1978. Ta biyu ita ce Cibiyar Nazarin Kwamfuta ta Afirka, IAI, wadda shugabannin ƙungiyar OCAM suka amince da kafawa a Fort-Lamy (N'Djamena ta yau) a 1971, da mazauni a Libreville. Ƙasashe 11 ne suka mallake ta, har da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma ta wannan ƙofa ce ɗaliban Nijar suka daɗe suna shiga Gabon, kafin a buɗe rassanta a Yaounde da Lome da Yamai. Akwai kuma majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai daidaita darajar takardun shaida a tsakanin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Nijar da Gabon duk suna cikinta; Nijeriya ba ta ciki. Tun daga nan samfuran biyu suka fara rabuwa.

Hausawa ba sababbin zuwa ba ne a Gabon. Fatake sun gangaro ta Kamaru suka zauna a garuruwan arewa irin su Bitam da Oyem tun zamanin mulkin mallaka, kuma jikokinsu 'yan Gabon ne. A bakin jama'a kalmar "Haoussa" takan faɗaɗa ta rufe duk Musulmi mai doguwar riga, ko Bafulatani ne ko Babarbare.

5.0 Nazari

5.1 Takarda

Ɗan Maraɗi da ya saba shiga Jibiya ko Katsina da safe ya koma da yamma ya tashi ne a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan walwalar zirga-zirga, kuma ko bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 al'adar iyakar ba ta goge daga tunaninsa ba. Gabon kuwa tana cikin CEMAC ne, ta Afirka ta Tsakiya. Ana buƙatar biza da katin rigakafin shawara kafin shiga, sannan katin zama daga hukumar DGDI, wadda mutanen gari suka fi sani da tsohon sunanta CEDOC.

Katin zama yana da sarƙa a bayansa. Yana buƙatar shaidar rajista a makaranta da shaidar masauki, rajistar kuma tana jiran kalandar makaranta, shaidar masauki tana jiran sa hannun mai gidan haya. Duk inda zobe ɗaya ya makara, ɗalibin yakan shiga wani hali da za a iya kira "zaman tsakani": ba ɗan ɓarauniyar hanya ba ne, amma ba shi da abin da zai nuna a shingen bincike. Tasirin wannan a aikace shi ne taƙaita taswirar birnin a idonsa. Yakan zaɓi hanyar ƙafa ta cikin lungu a kan babban titi, ya rage fitar dare, ya riƙa yawo da kwafin takardu a cikin leda saboda ruwan sama.

Wannan taka-tsantsan yana da tushe a tarihi. An kori 'yan Benin daga Gabon a 1978, 'yan Kamaru a 1981, sannan a farkon 1995 dubun-dubatar baƙi suka bar ƙasar bayan wa'adin da gwamnati ta bayar na daidaita takardu. Dattawan da ɗalibin zai tarar a masallaci sun ga wasu daga cikin waɗannan da idonsu, kuma nasiharsu ta farko gare shi daga nan take fitowa.

5.2 Ɗaki, ruwa da wuta

An rufe ɗakunan kwanan Jami'ar Omar Bongo a 2014, suka kuma daɗe a rufe, alhali yawan ɗalibai ya ninka abin da aka gina jami'ar dominsa. Nauyin ya sauka a kan unguwannin da ke kewaye. Derrière la Prison tana cikin irin unguwannin da ake kira matiti ko mapane, waɗanda aka gina ba tare da awon filaye ba, a kan tudu da kwari, gidan katako a jikin gidan bulo. Littafin Ndong Mbeng mai suna Les Matitis (1992) a kan irin waɗannan unguwanni aka rubuta shi.

Sunayen unguwannin kansu kwatance ne: Derrière l'Hôpital, Derrière l'École Normale, PK5, PK8, wato kilomita kaza daga mafarin hanya. Bahaushe ba zai sha wahalar wannan ba, tunda shi ma yana da Bayan Tasha da Bayan Asibiti, kuma da kwatance yake samun gida. Abin da zai zame masa sabo shi ne tsarin haya. A Kano shekara ake biya. A nan wata-wata ne, amma sai an ajiye kuɗin jingina da na wasu watanni a gaba, ga kuma ladan dillalin da ya nuna ɗakin. A wannan gaɓa ce baƙuncin amana yake fara aiki, domin ɗalibin da ya sauka jiya ba shi da wanda zai tsaya masa sai ɗan kasuwar garinsu da ya shekara ashirin a kasuwar Mont-Bouët. Aikin da fatoma yake yi wa falke a Kumasi ko Sabo, na sauke baƙo da ajiye masa kuɗi da lamunce shi, shi ne dai ake yi wa ɗan jami'a, sunan ne kawai ba a faɗa.

Ruwan sama a Libreville yana kaiwa kusan milimita 2,800 a shekara, fiye da ninki biyar na abin da Maraɗi ke samu. Duk da haka ruwan famfo, wanda kamfanin SEEG ke turowa daga Ntoum, ba ya isa unguwannin kan tudu a kowane lokaci, saboda haka jarka da tashin tsakar dare don tarar ruwa suna cikin jadawalin ɗalibi kamar yadda lacca take ciki. Wuta ta kati ce, ana kiran ta EDAN, kuma a gidan haya mai ɗakuna da yawa mita ɗaya ake rabawa, abin da ke mai da dutsen guga da tukunyar lantarki batun shawara tsakanin maƙwabta. Danshi yana sa littafi da takalmi su yi fumfuna. Zazzaɓin cizon sauro, wanda a Sahel yake da lokacinsa na damina, a nan ba ya da hutu. Lokacin rani kuma, daga Yuni zuwa Satumba, sanyi-sanyi ne da lumshi, daidai sa'ad da ake tsakiyar damina a gida.

5.3 Kuɗi

Sefar Nijar da ta Gabon darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 a kan Yuro guda, amma bankuna biyu ne ke buga su: BCEAO a yamma, BEAC a tsakiya. Jaka goma ta Yamai ba ta sayen burodi a Libreville sai ta bi ta hannun ɗan canji, kuma ya cire nasa. Ɗan Nijar yana da wani ƙarin aiki na ƙwaƙwalwa: a gida da dala yake lissafi, inda dala ashirin take nufin tamma 100, a nan kuwa sai ya koma ƙirga da Faransanci tsantsa. Wannan yana da muhimmanci a bakin titi, domin a Libreville fasinja ne ke yi wa tasi tayi. Yakan faɗi kuɗin da inda za shi a numfashi ɗaya. In direba ya yarda ya danna oda, in bai yarda ba ya wuce ba tare da ya ce uffan ba. Inda tasi ba ta shiga, sai motocin da ake kira clando. Ɗalibin IAI da ke zaune a Derrière la Prison yana ƙetare wani babban yanki na birnin kullum, saboda haka iya tayi yana cikin abin da ke tantance ko kuɗin wata za su kai ƙarshensa.

Tsadar rayuwa ta samo asali ne daga tsarin tattalin arzikin ƙasar: Gabon tana shigo da mafi yawan abincinta, kayan miya da albasa da ayaba da yawa ta iyakar Kamaru suke bi. Mafi ƙarancin kuɗin shiga na ma'aikaci da doka ta tsayar tun 2010 shi ne sefa 150,000 a wata, kuma farashin gari yana bin wannan ma'auni ne, ba ma'aunin alawus da hukumar ANAB ta Nijar ko wani uba a Tasawa zai iya aikowa ba. Ga ɗan Nijeriya kuwa, sakin darajar naira a Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, ya zaftare fiye da rabin ƙimar abin da ake turo masa ba tare da iyayensa sun rage ko kwabo ba.

Hanyar aiken ma iri biyu ce. Akwai ta banki da kamfanonin tura kuɗi, mai rasit da caji. Akwai kuma ta amana: uba ya ba ɗan'uwan wani ɗan kasuwa kuɗi a kasuwar Maraɗi, a buga waya, ɗan kasuwar ya ƙirga wa ɗalibi a shagonsa na Libreville. Ta biyun ta fi sauri, tana kuma ba da bashi, abin da ta farkon ba ta yi. Sai dai a Agustan 2025 majalisar ministocin Gabon ta hana baƙi wasu ƙananan sana'o'i, ciki har da ƙaramin ciniki na unguwa, gyaran waya da tura kuɗi ba tare da lasisi ba. Matakin bai ambaci ɗalibai ba, amma ya taɓa ginshiƙan da suke jingina da su, ya kuma rufe irin 'yan ayyukan da ɗalibi kan yi don cike giɓi.

5.4 Ci, ibada da ramuwar alheri

Abincin gari rogo ne da ake naɗewa a ganye, da ayaba, da kifi, da miyar ganyen rogo, da kaza a miyar kwakwar manja da ake kira nyembwe. Gero da dawa ba su da kasuwa. Matsalar Musulmi ba ta ɗanɗano ba ce kawai, ta yanka ce, ga naman daji da na alade a wuraren cin abinci na bakin titi. Mafitarsa tana hannun baƙi 'yan'uwansa: kantin unguwa, wanda ake kira le Malien ko da mai shi ba ɗan Mali ba ne, da rumfar shayi da taliya da ƙwai da ake kira cafète, da mai gasa nama na coupé-coupé, ɗan'uwan tsire da balangu.

Musulmi tsiraru ne, amma Musulunci yana da gurbi a hukumance tun musuluntar Shugaba Omar Bongo a 1973 da shigar ƙasar ƙungiyar OIC a 1974; Masallacin Hassan II, wanda Maroko ta gina, an buɗe shi a 1983. Agogon Libreville ɗaya ne da na Kano da Yamai. Kasancewar birnin a kusan kan layin Ikwaita ya sa tsawon yini ba ya canzawa sosai, azumi yana tsayawa a wajen awa 13 duk shekara, ba tare da zafin bazarar Sakkwato ba. Alƙibla ma ta karkata: daga Kano kusan digiri 68 ce daga arewa, daga Libreville kusan 53. Wanda ya saba cewa "gabas" yana nufin alƙibla sai ya gyara tsayuwarsa.

A nan ne ra'in Berry yake gazawa. Wanda ya ga ɗalibin yana ci a wurin 'yan Afirka ta Yamma, yana salla da su, zai sa shi a rukunin "warewa". Amma wannan ɗalibin shi ne mutumin zango da ya fi kowa shiga cikin 'yan ƙasa: da su yake zama a aji, yana jin salon maganar matasa da ake kira toli bangando, ya san yadda ake rubuta wasiƙar hukuma. Saboda haka alaƙarsa da maigida ba ta bara ba ce, ta musaya ce. Yana cike wa ɗan kasuwa fom, yana karanta masa takardar haraji, yana koya wa 'ya'yansa darasi da yamma, yana raka marar lafiya asibiti ya yi tafinta. Almajirin da ya tafi gabas yana yi wa uwar ɗakinsa ɗiban ruwa a ba shi tuwo. Wannan da alƙalami yake biya. Ɗan Kano da bai iya Faransanci ba ba shi da wannan jari a shekararsa ta farko, don haka dogaronsa ga zango ya fi nauyi, ramuwarsa ta fi ƙaranci. Shigar Gabon ƙungiyar Commonwealth a Yunin 2022 ta ɗan ɗaga darajar Ingilishinsa a kasuwar koyar da darasi, amma harshen aji da ofis bai canza ba.

5.5 Agustan 2023: gwajin tsarin biyu

Kalandar jami'a a wannan yanki ba ta rabuwa da siyasa. Boren ɗaliban Jami'ar Omar Bongo na Janairun 1990 yana cikin abubuwan da suka kai ga taron ƙasa na wannan shekarar, kamar yadda harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 ya buɗe ƙofar sauyi a Nijar. Ga ɗan ƙasa, shekarar karatu da ta zarce lokacinta jinkiri ce. Ga baƙo kuwa ƙarin kuɗin haya ne na watanni, da katin zama da zai ƙare kafin jarrabawa.

Makonni biyar na 2023 sun haɗa dukkan waɗannan sharuɗɗa wuri ɗaya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Ranar 30 ga Yuli ECOWAS da UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu sefar yamma, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, har da rufe iyakoki da dakatar da hada-hadar kuɗi, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Ranar 26 ga Agusta, ranar zaɓe a Gabon, aka katse intanet aka sa dokar hana fitar dare. Ranar 30 ga Agusta sojoji ƙarƙashin Janar Brice Clotaire Oligui Nguema suka hamɓarar da Shugaba Ali Bongo, aka rufe iyakoki na 'yan kwanaki, dokar hana fitar dare kuma ta ci gaba har tsawon watanni.

Ɗalibin Nijar da ke Derrière la Prison a makon ƙarshe na Agustan yana tsakanin gida da aka toshe wa hanyoyin kuɗi da masauki da aka katse wa intanet, jiragen da kan bi da shi ta Lome ko Abidjan kuma ba sa sauka Yamai. Duk hanyoyin baƙuncin takarda sun tsaya a lokaci guda. Waɗanda suka rage su ne littafin bashi na mai kantin unguwa, da tukunyar gidan maigida, da sanarwar da liman zai yi bayan sallar Magariba, wadda dole a idar da ita a watse kafin lokacin hana fita ya shiga.